Rasuwar Hajiya Tafi-da-gidanka, Wadda Ta Sha Gas a Alabama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye kuma, ni Surajo Abdulhamid, a madadin iyalina da iyalin aminina Malam Nouhou, nake sanar da 'yan'uwa Hausawan Greensboro da kewaye rasuwar motarmu kuma gidanmu na biyu, Hajiya Tafi-da-gidanka. Rai ya yi halinsa a gefen babban titi a jihar Alabama, an wuce Montgomery ba a kai Mobile ba, da rana tsaka, tana ɗauke da mu duka. Ta cika ne bayan gajeruwar rashin lafiya, wadda da son raina ne da ba a taɓa faɗin sanadinta ba.

Na san sanarwar ta makara. Gawa ta iso gari tun tuni, labari kuma ya zaga zauren WhatsApp na maza da na mata, kowa da irin gishirin da ya ƙara. Abin da ya riƙe hannuna shi ne wurin da ake rubuta sanadin ajali. In na zo wurin sai in rubuta "tsufa", in zauna ina kallonsa, in goge. Ba tsufa ba ne.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, doguwar mota ce fara mai ratsin ruwan ƙasa, irin wadda Turawa ke kwana a ciki in sun fita shan iska. Tana da gadaje, da kicin, da banɗakin da mai ƙiba sai a kaikaice yake shiga, da rumfa da ake warewa a gefenta. An haife ta a Indiana. Ta yi ƙuruciyarta a hannun wasu tsofaffi, mata da miji, a Sedgefield, waɗanda ba su taɓa ɗora mata abin da ya fi ƙaramin kare nauyi ba. Da mijin ya mutu matar ta sa ta a kasuwa, ni da Malam Nouhou muka haɗa hannu muka ɗauko ta. Ranar da na shigo da ita layinmu, maiɗakina Hajiya Hadijatu ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe haɓa, ta ce, "Malam, gida ka sayo ko mota?" Na ce duka biyu. Ta ce to Allah Ya sa kada mu rasa duka biyun. Ban ce amin da ƙarfi ba a ranar, don na ɗauka baƙar magana ce.

Muka wanke ta sau bakwai saboda karen, muka turara ta da turaren wuta har maƙwabta suka leƙo. Daga nan ta koyi zama da Hausawa, kuma ba ta taɓa nuna ta raina mu ba.

Marigayiya mai haƙuri ce. An ɗora mata buhun shinkafa, da jarkar manja, da daskararriyar miyar kuka, da tabarmi, da butoci, da akwatunan Hajiya Rahina matar Malam Nouhou, waɗanda har yau ba wanda ya san abin da ke cikinsu. Ba ta yi ƙorafi ba, sai dai nishi in an zo hawa. Ba ta da gaggawa. Duk wanda ya taɓa bin bayanta a hanyar Charlotte zai shaida wannan. Ranar da ta kai mu duwatsun Asheville, motocin da suka jeru a bayanmu sun isa rakiyar amarya, kowa na danna hon, ita kuwa ko a jikinta.

Mai rufin asiri ce. Tunda ta shigo rayuwarmu ba mu ƙara yin alwala a banɗakin gidan mai ba, ƙafa ɗaya a cikin kwamin wanke hannu, Bature na tsaye a baya yana jiran ya ga ƙarshen abin. Matanmu suna salla a cikin sutura, suna cin tuwo da hannu ba mai kallonsu. Fitina ɗaya kawai ta taɓa haddasawa, ita ma ta ilimi ce. Malam Nouhou ya ce mu matafiya ne, sai mu yi ƙasaru. Ni na ce mutumin da ke kwana a kan gadonsa, yana shan shayi a kofinsa, matarsa na yi masa faɗa a kicin ɗinta, ina tafiya a nan? Mun kai maganar gaban malamai biyu, kowannensu ya yi dariya ya ce zai duba.

Ba za mu manta da muryarta ba. Da safe in an murza makulli takan yi gyaran murya irin na dattawa, ƙuf, ƙuf, ƙuf-ƙuf, sannan ta saki guuur ɗin nan da ke tashin kowa ba sai an yi kira ba. A kan hanya cokulanta na amsawa, cakal-cakal, cakal-cakal. In za ta ja da baya sai ta yi sallama tukuna, ɗit, ɗit, ɗit, don kada ta taka kowa.

Yanzu sai sanadin ajali. A yi mini haƙuri, sai na ɗan koma baya.

Da yawanku kun san ni ne nake koya wa yaranku Hausa ran Asabar. Kun kuma san abin da ba ku faɗa a gabana: 'yar malamin Hausa ba ta yin Hausa. Zinariya, 'yata tilo, mai sunan mahaifiyata, a garin nan aka haife ta. In na yi mata Hausa tana ji sarai, amma da Turanci take mayar mini. Bana ta gama sakandare, ta samu jami'a can jihar Washington, inda jirgi ma sai ya gaji kafin ya kai, kuma ƙarshen watan nan za ta tafi. Shi ya sa na shirya wannan tafiya. Muka ce za mu gangara kudu, mu bi ta Atlanta, mu ga New Orleans, mu ƙare a Houston wurin yayar Hajiya Rahina. A baki yawon buɗe ido ne. A zuciyata kuwa, so nake kafin yarinyar nan ta bar gidana in ji harshen uwata a bakinta.

Sai na kafa doka: a cikin Hajiya Tafi-da-gidanka ba a Turanci. Ban tsaya nan ba. Na yanka fararen takardu, na bi duk inda Bature ya yi rubutu a jikin motar na liƙe shi da na Hausa. Ƙofa. Taga. Firji. Mafitar gaggawa. Zinariya ce ma take yanko mini salatif tana dariya.

Wallahi jama'a, abin ya ci. Kafin mu fita Carolina ta Kudu ta fara haɗa kalmomi, tana tuntuɓe tana tashi. A Atlanta ta leƙa waje ta ce, "Baba, rana tana cizo." Muka kwashe da dariya, ita ma ta yi, ni kuwa na juya kamar ina gyara madubi don kada a ga idona. A wurin da muka ya da zango kusa da Montgomery, ƙarƙashin rumfa, ta ba 'ya'yan Malam Nouhou mata labari tun daga farko har ƙarshe da Hausa, ta tsokani Anti Rahina a kan akwatunanta, har Hajiya Hadijatu ta ce a rage surutu. A rage surutun Hausa, a gidana! Ban taɓa jin daɗin zama uba kamar a wannan tafiyar ba.

To, mu a Kano, man manyan motoci da janareta gas muke kiransa. Fetur daban, gas daban, ko yaron mota ya san wannan. Malam Nouhou mutumin Damagaram ne, gazuwal yake cewa, kuma shekara da shekaru ina tsokanarsa a kai. Ranar da nake liƙe-liƙen nan, na zo kan murfin tanki inda Bature ya rubuta dizal da manyan baƙaƙe. Malam Nouhou ya ce, "Malam Surajo, wannan dai ka bar shi, ko ka sa gazuwal." Na ce Allah Ya kiyaye in cire Turanci in sa Faransanci. Na rubuta GAS KAWAI na danne na Baturen da shi, na shafa da tafin hannu don ya kama sosai. Sai ka ce gas ɗin daga bakin kakana na gaje shi. Ni da na yi furfura a ƙasar nan ina jin Amurkawa na kiran fetur gas, kullum ina faɗin haka da bakina in na shiga gidan mai, amma da na koma Hausa sai kaina ya koma Kano ya bar ni a nan.

Bayan Montgomery muka tsaya shan mai, azahar ta yi. Zinariya, da sabon lasisinta, ta ce, "Baba, kawo, ni zan ba ta mai." Na miƙa mata kati na ɗauki buta. Ina tsugune ina wanke hannu sai ga ta ta dawo, ta fara tambaya da Turanci. Na ɗaga mata hannu na ce, "Da Hausa." Dokar ma a cikin mota na ce, ita kuwa a waje take tsaye, amma ta tsaya ta harhaɗa kalmominta a hankali, ta ce, "Baba, wanne ne nata? Kore ko baƙi?"

Tambaya ce cikakkiya, ba kuskure ko ɗaya a cikinta. Tiyo mai koren hannu shi ne na dizal, baƙin na fetur. Da na ce "kore", kalma ɗaya, da yau ba ku karanta wannan sanarwa ba. Ban ma saurara ba, hankalina na kan alwala. Na ce, "Gas, Zinariya. Gas take sha. Ba ga shi nan na rubuta ba?"

Ta ce, "To, Baba." Ta je ta duba murfi, ta ga rubutun ubanta. Ta duba famfo, ta ɗauki abin da duk ƙasar nan ke kira gas. Ta cika tanki taf, ta dawo tana murmushi.

Ciwon bai ɗauki lokaci ba. Mun ɗan taɓa tafiya sai marigayiya ta sauya murya, ƙwas, ƙwas-ƙwas, kamar ana buga guduma a cikin tukunya. Malam Nouhou ya ce in sauka gefe mu duba. Na ce zafin Alabama ne, ta saba, na ƙara danna totur. Wannan ma a rubuta a kaina. Ta yi ta ƙoƙari, baiwar Allah, tana jan jiki, farin hayaƙi na bin bayanta. Can ta yi wata jijjiga da ta zubo da kofuna daga kabad, ta yi ƙuf sau ɗaya, ta gangara da mu gefen titi a hankali, kamar mai gudun kada a ji ciwo, ta tsaya. Cokulan ma suka yi shiru.

Malam Nouhou ya buɗe tanki ya shinshina, ya ɗago ya ce, "Esans ne, Malam Surajo. Fetur."

Abin da ya biyo baya, waɗanda suka gani sun rufa mini asiri, amma ni ba zan rufa wa kaina ba. A gefen titi, manyan motoci na wucewa suna kaɗa mana riguna, gaban uwarta, gaban Malam Nouhou da iyalinsa, na buɗe baki a kan 'yata. Na ce ba ta jin Hausa, ba ta taɓa ji ba, kwaikwayo kawai take irin na aku. Na ce na yi asarar sunan uwata a kanta. Ina tsakiyar faɗan idona ya sauka a kan murfin tanki yana reto, da farar takardar nan, da rubutun hannuna. Na gani. Na gane komai a take. Amma na riga na ɗaga murya a gaban mutane, sai na ci gaba har na kai aya.

Ba ta nuna takardar ba. Ba ta ce ai na tambaye ka ba. Ta dube ni, ta ce, "Sorry, Dad."

Tun da ta fara magana Baba take kirana, ko a tsakiyar Turanci. Daga ranar nan na zama Dad. Muka dawo a motar haya, tun daga Alabama har Greensboro ba wanda ya kafa doka, ba kuma wanda ya yi Hausa. Har yanzu tana gaishe ni da Turanci, tana kawo mini shayi, ladabinta bai ragu ba. Amma ko sannu ba ta ƙara fitowa daga bakinta ba. Akwatunanta na nan jere a bakin ɗakinta, kullum sai na ga sun ƙara cika.

Janwe ya kawo gawar zuwa McLeansville, filin abokin aikina Desmond, Allah Ya saka masa. Bakanike ya duba ya ce zuciyar injin ta ƙone, shekarunta kuma ba za su ɗauki aikin ba. Malam Nouhou, wanda rabin motar nasa ne, har yau bai ce mini "ai na gaya maka" ba, kuma wallahi da ya faɗa da na fi samun sauƙi. Hajiya Hadijatu sau ɗaya ta yi magana. Ta tarar da ni ina kallon hotunan motar a waya, ta ce, "Malam, wadda ta mutu ƙarfe ce. Ka duba mai ran."

Ga waɗanda suka tare ni a masallaci suna cewa, "Sai haƙuri Malam, yaran Amurka ke nan," ina roƙon ku janye wannan ta'aziyyar. Na karɓe ta a lokacin, har da gyaɗa kai, kuma wannan gyaɗa kan ya fi faɗan gefen titi muni, don shi a cikin sanyin rai na yi shi. Ba 'yar Amurka ce ta kashe Hajiya Tafi-da-gidanka ba. Bakano ne, malamin Hausa, da alƙalaminsa.

Marigayiyar ta rasu ta bar tayoyi shida da safaya ɗaya wadda ba ta taɓa taka ƙasa ba. Ta bar rumfa, da butoci biyu, da firji mai ƙamshin daddawa wanda ba sabulun da zai raba shi da shi. Ta bar ƙanwarta, ƙaramar motar Hajiya Hadijatu, wadda yanzu duk nauyin gida ya koma kanta. Ta bar tukunyar gas ta girki, ita ma gas ake ce mata, kuma na hana kowa ambaton sunanta a gabana. Ta bar mas'alar ƙasaru ba a warware ba. Ta bar New Orleans da Houston ba su gan ta ba, da yayar Hajiya Rahina wadda ta dafa abincin tarbarmu ta raba wa maƙwabta.

Jana'iza za ta kasance kamar haka, in Allah Ya kai mu.

Ran Asabar mai zuwa ba makarantar Hausa, iyaye su sani. Da safe za a yi mata wanka a filin Desmond. Ni zan yi da hannuna, ba na neman taimako, kuma ni zan ɓanɓare takardun nan ɗaya bayan ɗaya. Ta murfin tanki ita ce ta ƙarshe, sai kowa ya gan ta tukuna. Ba za a yi mata salla ba, na tambayi liman, ya dube ni ya ce in je in huta. Za a karɓi gaisuwa ƙarƙashin rumfarta, a kan tabarminta. Hajiya Rahina ta ɗauki nauyin shayi. Mai zuwa ya zo da harshen da ya ga dama, Hausa, Turanci, Faransanci, ba mai ɗaga wa kowa hannu. Malam Nouhou zai ce gazuwal sau nawa yake so.

Bayan azahar 'yan gwangwan za su zo da babbar mota su ɗauke ta zuwa makwancinta. Sun ce yayin da ake jan ta sama, dole mutum ɗaya ya zauna a kujerar direba ya riƙe sitiyari don ta hau daidai. Malam Nouhou ya ce ba zai iya ba. Ni kuwa ban cancanta ba.

Zinariya, na san kina cikin zauren nan, na kuma san kina karanta abin da ake turowa ko da ba kya cewa komai. A gaban mutane na yi miki, shi ya sa a gaban mutane nake ba ki haƙuri. Na gwada rubuta shi da Turanci, ya ƙi fitowa. Na roƙi mamanki kada ta fassara miki ko kalma ɗaya. In kin kawo nan da kanki, to kin ga ƙarya na yi a Alabama, kuma duk Greensboro ta gani. Ki yafe mini, uwata. Kore ne, amsar tambayarki ke nan.

Makullin marigayiyar na nan a kan babban akwatinki, in kin yarda ki riƙe mata sitiyari. Ki kira ni da duk sunan da kika ga dama, zan amsa.